Yadda za ka gane wace E. coli ce ta fito maka a filet, ita da 'yan uwanta masu kama da ita

Wannan rubutu na 'yan furojet ne da masu aikin lab, musamman waɗanda aka ba su aiki a kan kashin yara masu gudawa, ko fitsari, ko ruwan rijiya, ko kashin kaji da shanu. Kusan duk furojet ɗin da za ka ɗauka a wannan ɓangaren abu ɗaya za ka gani: an shafa samfur a MacConkey, wato abincin tsirar da ƙwayoyin cuta da ake zubawa a filet, an ga koloni ja-ja, an yi indol ya ba da jan zobe, shi ke nan sai a rubuta E. coli kashi kaza cikin ɗari a rufe littafi. Ba ƙarya aka yi ba fa, amma sunan nan E. coli gida ne babba, a cikinsa akwai wadda take zaune lafiya a hanjinka tun ranar da aka haife ka, akwai mai sa ciwon fitsari, akwai mai lalata ƙodar yaro, sannan a gefe ga wasu da ba E. coli ba ne ma sam amma a filet ba ka isa ka raba su ba. Don haka aikin hawa-hawa ne, kuma kowane hawa akwai iyakar abin da kayan aikinka za su iya gani. Abin da nake so ka riƙe ke nan tun yanzu, kar ka rubuta abin da ya wuce ƙarfin gwajin da ka yi.

Ka fara sanin dangin

Wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, shi ya fara bayanin ƙwayar a 1885 daga kashin jarirai a Munich, ya kira ta Bacterium coli commune, sai a 1919 aka sa mata sunansa. Shigella kuma sunan Kiyoshi Shiga ta ci, ɗan Japan da ya gano mai haddasa atuni lokacin annobar 1897. To a wancan zamanin ba wanda ke duba DNA, abin da ake dubawa shi ne wace cuta take sawa, wane sukari take ci, tana motsi ko ba ta yi. Da wannan ma'aunin aka raba su gida biyu. Da aka zo aka fara gwada DNA ɗinsu a shekarun 1970 sai ga shi ashe abu ɗaya ne, daga baya ma bincike na shekarar 2000 ya nuna Shigella ba sau ɗaya ta ɓullo ba, rassa ne daban-daban na E. coli kowanne ya samu wani babban filasmid, wato ɗan zoben DNA da ke yawo tsakanin ƙwayoyi, mai ba shi damar kutsawa cikin bangon hanji, sannan ya watsar da abubuwan da ba ya buƙata, irin su wutsiyar iyo da cin laktos. An bar sunan Shigella ne kawai saboda likitoci, don in ka ce wa likita Shigella ya san atuni ne, ya san abin yi, in ka ce masa E. coli sai ya fara tambayar wacce.

Salmonella ita kam ba 'yar ɗaki ɗaya ba ce, ana ƙiyasta sun rabu da E. coli shekara miliyan 100 ko fiye. Jinsi biyu ne kacal, enterica da bongori, duk da cewa ire-irenta na siro, wato waɗanda ake bambantawa da abin da ke jikin bangon ƙwayar da wutsiyarta, sun haura 2,500, kuma Typhi mai sa taifot ɗaya ce daga cikinsu, ba jinsi ba ce mai zaman kanta. Ka kuma lura da tsohon littafi: a 2016 an farfasa Enterobacteriaceae ɗin da muka sani, wato babban gidan da su E. coli suke ciki, Proteus ya koma Morganellaceae, Yersinia da Serratia suka koma Yersiniaceae, dukansu dai ƙarƙashin Enterobacterales. Enterobacter aerogenes ma yanzu Klebsiella aerogenes ce. In safabaizanka tsohon hannu ne zai iya ja maka layi da jan biro a nan, sai ka nuna masa cikin ladabi.

Ɗaukar samfur da zaɓen koloni

A nan ake fara lalata aiki ba a sani ba. Kashi in ya daɗe a ajiye Shigella mutuwa take yi da wuri, don haka ko dai ka shafa shi cikin awa biyu ko ka sa shi a Cary-Blair, wato abin riƙe samfur kafin a yi aikinsa, ka ajiye a sanyi. Ruwa kuma a kwalba mai tsabta da aka gasa, a kula mai ƙanƙara, ka yi aikinsa a ranar. Sannan rubuta komai a jikin kwalbar da littafinka, daga wa ya fito, yana gudawa ko lafiyarsa ƙalau, ya sha maganin antibayotik kwanan nan ko a'a, rijiyar tana kusa da masai ko turken dabbobi, damina ce ko rani. Yanzu za ka ga kamar ɓata lokaci ne, amma in ka zo ƙarshe kana son cewa wani abu a kan inda kowane reshe na E. coli yake zama, waɗannan bayanan ne kaɗai jarinka.

Ka shafa a MacConkey, in kashi ne ka haɗa da agar ɗin XLD, digiri 37, awa 18 zuwa 24. Washegari ka ɗaga filet ɗin ka kalle shi a haske. E. coli ta gargajiya za ka gan ta ja mai ruwan hoda, a baje, ba ta da danshi sosai, sau da yawa gefenta agar ɗin ya yi gizo-gizo mai ruwan hoda saboda asid ɗin da ta saki ya sa gishirin matsarmama ya kwanta. Klebsiella ma hoda ce amma ta yi tudu tana ƙyalli kamar majina, in ka taɓa da waya ka ɗaga sai ta biyo ka da zare. Masu fari-fari ko marasa launi su ne waɗanda ba su ci laktos ba, a nan Shigella da Salmonella da Proteus suke, shi Proteus tun kafin ka gama buɗe murfin warinsa zai gaya maka. A XLD Shigella ja ce tas, Salmonella ja da baƙin ɗigo a tsakiya, E. coli rawaya.

Kar ka ɗauki koloni ɗaya ka ce ka gama da mutum. Hanjin mutum ɗaya yakan ɗauki iri fiye da ɗaya a lokaci guda, akwai mai rinjaye wadda za ta iya zama da shi watanni ko shekaru, akwai 'yan wucewa da suka shigo da abincin jiya. Ka ɗebi kamar biyar daga masu hoda, sannan don Allah kar ka zubar da fararen, ka ɗebi wasu a ciki, za ka ga dalili nan gaba. Kowacce ka sake shafa ta ita kaɗai har ta fito tsantsa, don rabin rizal ɗin da ke rikita mutane a gwajin tub gauraye ne ba wani sabon jinsi ba. Safar hannu kuma ba kwalliya ba ce, Shigella ƙwaya 10 zuwa 100 sun isa su kwantar da ƙato, kuma ma'aikatan lab na kamuwa da ita a bakin aiki.

Gwajin tub

Giram da oksidas ka fara yi, sanduna ne ja, oksidas babu. In oksidas ya yi shuɗi ka bar gidan gaba ɗaya, je ka nemi Pseudomonas ko Aeromonas ko Vibrio. Daga nan sai gwaji huɗun nan da kowa ya haddace. E. coli tana ba da indol, wato in ka ɗiga Kovac a ruwan tiripton da ta kwana a ciki jan zobe zai taso sama cikin daƙiƙoƙi, metil red ma ja, VP babu, sitiret ɗin Simmons yana nan kore shar bai koma shuɗi ba. Klebsiella pneumoniae akasin haka take, sai dai ƙanwarta oxytoca tana ba da indol, don haka indol shi kaɗai ba hujja ba ne. A TSI, wato agar mai sukari uku a cikin tub, E. coli rawaya sama rawaya ƙasa, da iska har agar ɗin ya tsage ko ya ɗago. Shigella ja a sama rawaya a ƙasa, ba iska ba baƙi. Salmonella ja a sama da baƙi a ƙasa, ita Typhi baƙin ɗan siriri ne kawai a bakin inda ka soka waya kuma ba ta yin iska. Yuriyas shi zai cire maka Proteus. Ka haɗa da gwajin motsi da na laisin, don Shigella ba ta motsi kuma ba ta taɓa laisin.

To ga inda matsalar take. Akwai E. coli ta gaske da ba ta cin laktos, ba ta motsi, ba ta yin iska, musamman EIEC mai shiga bangon hanji wadda filasmid ɗinsu ɗaya da Shigella. Akwai Shigella sonnei da take cin laktos a makare in ka bar filet ya yi kwanaki. Akwai Escherichia albertii, wadda aka fara samu a kashin yara masu gudawa a Bangaladash farkon shekarun 1990, aka yi ta kiranta Hafnia alvei har sai 2003 da aka gane jinsi ce daban, yawanci ba ta cin laktos kuma ba ta motsi a digiri 37, ke nan tana cikin fararen nan da ake zubarwa, ko kuma a rubuta ta a matsayin Shigella, ko EPEC, wata E. coli mai sa yara gudawa, tunda ita ma tana da ƙwayar gadon eae ta manne wa hanji. Irin da aka daɗe ana kira Shigella boydii 13 ma ashe dangin albertii ne. Ga kuma E. fergusonii da aka bayyana a 1985, ita ma fara ce a MacConkey, ba ta cin sobitol amma tana cin adonitol da selobayos. Don haka in iyakar kayan da kake da su ke nan, ka rubuta cewa bisa gwajin bayokemika ta yi daidai da E. coli, magana ta ƙare, ba abin kunya a ciki.

In O157:H7 kake nema, wato E. coli mai iya lalata ƙodar yaro, wadda aka fara gane ta a Amurka a 1982 daga naman hambaga, akwai dabara ta musamman, ba ta cin sobitol cikin awa 24, don haka a MacConkey mai sobitol takan fito fara alhali sauran suna hoda. Amma ba a tsayawa nan, sai ka tabbatar da antisiram, sannan PCR, gwajin nemo wani gutsuren DNA, na stx, wato ƙwayar gadon dafin Shiga. Kuma ita ba ta da aikin gulukuronidas, sinadarin da akan gane E. coli da shi, ke nan gwajin MUG da agar masu canza launi da ake amfani da su a ruwa za su iya tsallake ta.

Kar ka kashe kuɗinka a kan 16S

Wannan ina faɗa da ƙarfi don na ga yadda ɗalibai ke tara kuɗi da ƙyar su aika samfur a karanta musu 16S, wata ƙwayar gado da ake gane bakteriya da ita, rizal ya dawo, su sa a BLAST, shafin kwatanta DNA, layin farko ya ce Shigella flexneri kashi 99 da ɗigo, na biyu ya ce E. coli kashi 99 da ɗigo, na uku E. fergusonii, sai kawai a ɗauki na saman a rubuta. 16S yana da kyau in kana son sanin babban gida, amma tsakanin waɗannan 'yan uwan bambancinsa bai kai ya raba su ba, ballantana ita E. coli kwafi 7 gare ta na wannan ƙwayar gadon kuma ba lallai su zama iri ɗaya sak ba. Ko na'urar MALDI-TOF da manyan asibitoci ke ji da ita, a yadda aka saba amfani da ita ba ta raba E. coli da Shigella. Kuɗin da za ka zuba a nan gara ka sayi firaimar PCR da su.

Raba rassan E. coli da PCR

Asalin wannan rabon daga tarin ECOR ne, iri 72 da Ochman da Selander suka haɗa a 1984 daga mutane da dabbobi, daga nan aka fito da rassan A, B1, B2 da D, sai E. Olivier Clermont da abokan aikinsa a Faris suka sauƙaƙa abin a 2000 da PCR mai neman abu uku, a 2013 suka ƙara na huɗu, shi ne wanda ya kamata ka yi amfani da shi yanzu, don tsohon yana cusa wasu a reshen da ba nasu ba, F duk a D yake zuba su. An ƙara reshen G a 2019. Ke nan yau muna da A, B1, B2, C, D, E, F, G.

Ba ka buƙatar kit mai tsada don ciro DNA. Ɗebi koloni ɗaya ko biyu daga filet ɗin da ya kwana, kaɗa a ruwa mai tsabta kamar maikurolita 100, tafasa minti 10, juya a santirifuj, ruwan saman shi ne kayanka. Kar ka cika koloni da yawa wai don ya yi ƙarfi, hana PCR ɗin tashi zai yi. A jel na kashi 2 cikin ɗari layuka huɗu kake nema, kowanne da tsawonsa a haruffan DNA, arpA a 400, chuA a 288, yjaA a 211, TspE4.C2 a 152. Ka ja jel ɗin ya yi nisa sosai, in ka yi gaggawa 211 da 152 za su matso juna ka yi ta ƙifta ido a gaban fitila.

Karatun kuwa haka yake. arpA shi kaɗai, A ce. arpA da TspE4.C2, B1. arpA da yjaA, ko A ko C, sai ka sake wani PCR na C kafin ka yanke. In chuA ya fito babu arpA amma akwai yjaA ko TspE4.C2 ko duka biyun, B2 ce. chuA shi kaɗai tilo, F, kuma a nan da wani ɓangare na masu kama da B2 ne G take ɓuya, tana da nata gwajin. arpA da chuA tare babu yjaA, D ko E, a nan ma akwai PCR na biyu na E. Mutane da yawa suna tsallake waɗannan na biyun su rubuta A ko D kawai, kar ka bi su, in ba ka da firaimar ka rubuta A/C ko D/E yadda ya fito. Kowane zagaye ka sa kwanturol, K-12, irin E. coli da ake aiki da shi a lab, na reshen A ne, ATCC 25922 da kusan kowane lab ke da ita don gwajin magani B2 ce, sai tub ɗaya na ruwa zalla. Abu ɗaya kuma, wannan PCR ɗin an gina shi ne a kan cewa ka riga ka tabbatar Escherichia ce a hannunka, in ka zuba masa Citrobacter ko Klebsiella zai iya ba ka wani layi ka ɗauka reshe ne.

Wani lokaci za ka ga abin da bai shiga ko'ina ba, misali layi ɗaya a wajen 476, ko yjaA shi kaɗai. Kar ka ce jel ya lalace ka zubar. Mai yiwuwa ka kamo ɗaya daga ɓoyayyun rassan nan biyar da Seth Walk da abokansa suka bayyana a 2009, waɗanda a gwajin tub ba su da maraba da E. coli amma a DNA sun yi nisa da ita. Na biyar ɗin shi aka sa wa suna E. marmotae a 2015 bayan an same shi a kashin wata dabbar dutse mai kama da kurege a tsaunukan Tibet, na uku da na huɗu ana kiransu E. ruysiae, na ɗaya kuwa ya matso E. coli sosai har da yawa suna lissafa shi a cikinta. An fi samunsu a tsuntsaye da namun daji da ruwa da laka, a mutum ba su da yawa. Ga mai aikin ruwa wannan ba ƙaramar magana ba ce, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kar a samu E. coli ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha, don ana ɗaukarta shaidar kashi ya shiga, to in abin da ka ƙirga ɗan ɓoyayyen reshe ne da ke iya zamansa a laka, fassarar ta ɗan canza. Ban ce ka ce wa mutane su sha ruwan ba fa, cewa na yi ka san me ka ƙirga.

Me reshen yake gaya maka game da inda take zama

Nan ne daɗin aikin yake a wajena. E. coli tana cikin hanjin sama da kashi 90 na mutane amma 'yar tsiraru ce a can, ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na ƙwayoyin babban hanji ba, masu gidan su ne irin su Bacteroides da ba sa son iskar oksijin, ita ta yi suna ne kawai don tana saurin tsirowa a filet. Tana zama a cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon hanji, tana lasar ragowar sukarin da manyan suka farfasa, kuma tana cikin na farkon shiga cikin jariri, ta shanye ɗan oksijin ɗin da ke wurin ta share wa sauran fage. Sannan kullum ana fitar da ita waje, an ma taɓa ƙiyasta cewa kusan rabin E. coli na duniya a wajen hanji suke, a ruwa da ƙasa. Rayuwa biyu ke nan, kuma rassan ba ƙarfinsu ɗaya ba a kowacce.

A da B1 su ne 'yan ko'ina da ko'ina. B1 ta fi yawa a dabbobi masu cin ciyawa, shanu da tumaki da awaki, kuma ta fi jure zaman ruwa da ƙasa. B2 ita ce gwanar daɗewa a hanjin mutum, tana da kayan manne wa bango da na ƙwace ƙarfe, chuA ɗin nan da kake gani a jel ma na ɗaukar ƙarfe ne daga jini, kuma waɗannan kayan zaman hanjin su ne dai suke mayar da ita abin tsoro in ta ɓace hanya ta shiga mafitsara ko jini ko kan jariri. Ita da D da F su suka fi yawa a ciwon fitsari. Shahararriyar zuriyar nan mai lamba ST131, mai ƙin jin magani, wadda aka farga da ita a 2008 ta riga ta bazu nahiyoyi, sau da yawa ɗauke da CTX-M-15 mai lalata maganin antibayotik, B2 ce. O157:H7 tana E, gidanta hanjin shanu kuma ba ta sa musu komai. G tana da alaƙa sosai da kaji, musamman ST117.

Yanayin rayuwar mutane ma yana shiga ciki. Wani bincike na 2001 da ya gwada kashin masu lafiya a Faransa da Kuroshiya da Mali ya samu B1 ce ta mamaye a Mali, B2 kuwa da ƙyar ake ganinta, alhali a ƙasashen Turai tana da yawa, a Faransa ma an ga tana ƙaruwa daga 1980 zuwa 2010. Ana danganta abin da abinci da tsabta da kusanci da dabbobi. Don haka in ka yi aikinka a ƙauyen da awaki ke kwana a tsakar gida ka ga A da B1 sun cika maka littafi, ba kuskure ka yi ba, kar ka matsa wa rizal ɗinka sai ya yi kama da na Turawa. Tambaya mai kyau ma ita ce ka gwada ƙauye da cikin birni, ko mai kiwo da wanda ba ya kiwo.

Amma fa kar ka wuce gona da iri, reshe ba hukunci ba ne. Za ka ga ana rubuta wai A da B1 marasa cutarwa ne, B2 da D masu cutarwa, wannan magana ta ciwon fitsari da jini ce, ba ta gudawa ba. Ire-iren E. coli masu sa yara zawo, da ake kira ETEC da EPEC da EAEC, da yawansu a A da B1 suke. Annobar Jamus ta 2011 da ta kama mutum kusan 4,000 ta kashe sama da 50, wadda aka bi sawunta har zuwa tsiron hulba da aka shigo da irinsa daga Masar, O104:H4 ce 'yar B1, asalinta EAEC ce sai wani bairos na bakteriya ya kawo mata ƙwayar gadon dafin Shiga. A ɗaya gefen kuma ga Nissle 1917, da Alfred Nissle ya ciro daga kashin wani soja da bai kamu da gudawa ba lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, har yau ana sayar da ita a matsayin maganin gyaran ciki da sunan Mutaflor, B2 ce, kuma 'yar uwa ta kusa ga CFT073 mai ciwon ƙoda. Dalili shi ne kayan cutarwar yawanci a kan filasmid da bairos da wasu gutsattsarin DNA suke yawo daga wannan zuwa waccan. Da aka jera jinom ɗin iri uku a 2002, K-12 da O157:H7 da CFT073, abin da suka haɗa duka ukun bai kai kashi 40 cikin ɗari na jimillar furotin ɗinsu ba. K-12 tana da haruffan DNA miliyan 4.6, O157:H7 kusan miliyan 5.5, duk sunansu E. coli. Ke nan in gudawa kake bincike sai ka yi PCR na kayan cutar daban, stx1 da stx2, eae, bfpA, elt da est, aggR, ipaH, ka ajiye sakamakon gefe da gefe da na reshe. ipaH ɗin ma ka tuna Shigella da EIEC duk yana kama su, rubuta Shigella/EIEC. In kana neman wanda ya yi irin wannan aikin a Najeriya ka duba rubuce-rubucen Farfesa Iruka Okeke ta Jami'ar Ibadan, ta daɗe tana bin EAEC a yaran kudu maso yamma.

In Allah Ya hore maka jinom

In ka samu haɗin gwiwa ko tallafi aka karanta maka jinom gaba ɗaya, to aiki ya yi sauƙi amma a bi shi a jere. Fara duba ingancin haɗin, in girmansa ya tashi miliyan 9 ko 10 ƙwaya biyu ce ta gauraya, koma filet. Sai ANI, wato awon yadda jinom biyu suka yi kama, ka gwada da irin da aka ajiye a matsayin ma'auni na kowane jinsi, kashi 95 zuwa 96 shi ne iyakar da aka saba ɗauka, ƙasa da haka jinsi daban ne, a nan albertii da fergusonii da marmotae za su fita fili. Daga nan ClermonTyping zai ba ka reshe ba tare da jel ba, MLST na Achtman, wato rabon zuriya da ƙwayoyin gado 7, adk, fumC, gyrB, icd, mdh, purA da recA, zai ba ka lambar ST, sai ka shiga rumbun jinom na intanet mai suna EnteroBase ka ga a ina aka taɓa samun irinta, a mutum ko kaza ko kogi. Ka faɗi tsarin MLST ɗin da ka bi a rubutunka don akwai fiye da ɗaya kuma lambobinsu ba sa haɗuwa. Sannan ST ɗaya ba ya nufin wannan ya shafa wa wancan, ST10 alal misali tana ko'ina a duniya, in ka same ta a kaza ka same ta a mai kazar ba ka tabbatar da komai ba tukuna sai ka ƙirga bambancin SNP, wato haruffan DNA da suka saɓa, a tsakaninsu.

Duk wannan kuma ba zai yiwu ba in ƙwayar ta mutu kafin kuɗin su zo, don haka tun ranar da ta fito tsantsa ka adana ta. Giliserol kashi 15 zuwa 20 a firiza mai ƙasa da sifiri da digiri 80 shi ne daidai, amma da yanayin wutarmu kar ka dogara da firiza ɗaya, ka yi kwafi biyu a gini biyu, sannan ka soka kowacce a agar mai laushi cikin ƙaramar kwalba mai murfin murɗawa, ka ɗaure bakin sosai ka sa a kabad mai duhu, E. coli takan yi watanni a haka, sai dai filasmid zai iya zubewa a hanya, shi ya sa PCR na kayan cuta gara ka yi shi da wuri. Lambar kwalba kuma da alƙalamin maka wanda ba ya gogewa, ka rufe ta da salatif, ka rubuta lamba ɗaya a littafi da kwamfuta.